Ƙeya

Ƙarfe uku da kwata, Unguwar Mu'azu ta yi tsit,
sai gurnanin janareton gidan burodi can ƙasan layi.
Ƙarar da ta tashe ni ba ta kai tarin jariri ba:
sarƙar get ce ta sulale
a hankali, kamar mai jin nauyin mutanen gida.

Hansatu ta riƙe mini gefen riga. Na fizge.
Harba-ka-rugar mahaifina na bayan ƙyaure,
tun da na shiga sintiri, da ciki take kwana.

Golf ɗina ce, ja, mai tsagaggen gilashi,
wadda ta san kowane rami daga Kawo zuwa Zariya.
Saura wata bakwai in gama biyan Alhaji Ɗanjuma.
Har ya turo ta waje bai kunna ba,
kafaɗa a jikin ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari.

Taku goma ne tsakaninmu.
Fitilar masallaci ta haska mini ƙeyarsa,
sabon aski, gumi na gangarowa cikin kwalar riga.
Na saita. Yatsana ya hau kunama.
Na ce, "Kai!"
Bai waiwayo ba.

A nan Baba Maikano ya faɗo mini a rai,
wanda ya shekara talatin yana rubutu a kotu,
yanzu sai bencin mai shayi da carbi.
Ya taɓa ce mana, yana fifita kofi:
"Alƙali ba farashin mota zai fara tambaya ba.
Cewa zai yi, ina mutumin ya fuskanta?
In ya taso maka da wuƙa, ko bakin bindiga na kallonka,
ga bango a bayanka, ga 'ya'yanka a ɗaki,
to rai ya kare rai, ba mai ganin baƙinka.
In kuwa ƙeya ya ba ka, tsoro ya ƙare.
Abin da ya rage a hannunka fushi ne,
shi kuwa fushi ba shi da lauya."

Ranar dariya muka yi.

Ya faɗa ciki, silifa ɗaya ya zame a bakin kwata.
Ta yi tari, ta mutu.
Na san halinta, sai a karo na biyu take kamawa.
Duk wannan lokacin nawa ne.
Ta kama.
Jar fitilar baya ta sha kwana wajen mai faci.

Maƙwabta suka fito da gora, wani har da tsohuwar taya.
Tanimu ya dubi bindigar, ya dube ni:
"Da wannan a hannunka? Kai dai rago ne."
Ban tanka ba. Gwiwoyina ne ke magana.

A ofishin 'yan sanda ni na sayi biron.
Na kwana uku ina zaga Panteka,
na ga wata jar ƙofa jingine da rumfa,
na shafa ta,
ban iya rantsuwa a kanta ba.

Yanzu lodi nake wa wasu a tashar Kawo,
ina kiran Zariya da muryar da ba ta zuwa Zariya.
Alhaji Ɗanjuma bai rage ko sisi ba,
duk Juma'a yaronsa na bakin get.

Kada a ce waliyyi ne ni.
Akwai daren da yatsan nan ke lanƙwashewa shi kaɗai,
in farka ina jin warin albarushin da ban ƙona ba,
in rasa ko nadama ce ko godiya.

Silifan yana nan, ban san dalilin ajiye shi ba.
Jiya Nafi'una, ɗan shekara sha shida,
ya zura shi zai zaga banɗaki.
Cif ya yi masa.

Da safe ya saɓa jaka ya nufi makaranta.
Ina tsaye inda na tsaya a daren,
ina kallon ƙeyarsa
har ya sha kwana wajen mai faci.