Awo da Ƙafar Goggo Dudu

A ofishin magajin garin Marwa
suka shimfiɗa min taswira, fanka na kaɗa gefenta,
suka ce: Ladidi, ja mana layin bas
daga Domayo, ya haye mayo, ya faɗa kasuwa,
ki ɗiga tasha duk bayan mita ɗari biyar.

Na ɗiga. Suka jeru reras kamar tsakiya a zare.
Sai dai babu rana a takarda,
babu kwata, babu mai ciwon gwiwa.

Ran Laraba na naɗe ta, na cusa a jaka,
na je na ɗauko Goggo Dudu,
mai shekara saba'in da sandar gora.
Na ce: Goggo, yau ke ce ma'aunina.
Ta ce: Wato boko ya ƙare, an dawo kan tsofaffi.

Muka fita da hantsi.
Taku ɗari biyu, ta ja birki gindin darbejiya,
wai ba gajiya ba ce, gaisuwa za ta yi.
Sali mai faci ya turo mata benci.
Na rubuta: nan inuwa ce, kada a sare.

Gaba kaɗan ɗan kalando ya shafi gefen zanenta,
ya wuce, ko waiwaye.
Titi ya zama na taya kaɗai,
mai ƙafa sai raɓe bango
kamar wanda ake bi bashi.
Na rubuta: a bar wa ƙafa kamu shida,
a rufe bakin kwata.

Ta ɗaga sanda tana nuni:
Can aka binne cibiyar ubanki.
Ga injin niƙa, ga mai allura, ga makaranta,
tela a zaure, iyalinsa a ciki,
ki zaga su duka shayinki bai huce ba.
Ku kuwa kun kai Hamajoda bayan dutse,
kun ba shi fili da katanga da lamba,
gishirin dala biyar
sai ya hau babur na dala arba'in.
Wannan gida ne ko horo?

Ban tanka ba.
Hannun nan nawa ne ya yanka filin.

Bakin Kaliyawo yashi ne zalla,
mata na tonon ruwan wanki.
Ta ce: Idan damina ta cika shi fa,
motar taku ta iya iyo?

Da dare na goge ɗige-ɗigen nan.
Na mai da ɗaya ƙofar asibiti,
ɗaya wajen injin niƙa,
ɗaya inda Goggo ta yi gaisuwarta.
Kewaye da kowanne na zana rumfuna a gaba,
ɗakunan kwana a baya,
famfo, da wurin da yaro zai tsallaka
uwarsa ba ta dafe ƙirji ba.

Shugabana ya gyara tabarau:
Tazarar nan ba daidai take ba.
Na ce: Ranka ya daɗe, ƙafafun ma haka.

Takardar na Yawunde, tana jiran sa hannu.
Damina biyu ke nan.
Goggo kuwa kullum da hantsi
tana kan bencin Sali, sanda a cinya.
In an tambaye ta, sai ta ce
wuri ta kama, kafin layi ya yi tsawo.