Wayar da Ta Karye Daga Ciki

Sau uku Madam Tuyet ta kawo shi shagona,
gindin gadar Cai Rang, inda kogi ke warin abarba da dizal.
Sau uku na taɓa maɓalli
ya tashi garau, kamar bai taɓa laifi ba.
Ta harari babur:
"Munafuki. Da asuba fa ko tari bai yi ba."

Na san irinsa.
Ciwon da ke ɓuya in ya hango likita
ya fi mai kwantarwa wuyar magani.

Na ɗora mita a batir: sha biyu da ɗigo shida.
Na danna sitata ina kallon allura,
ta ɗan rusuna, ta miƙe.
Ba shi ba ne.
Fiyus lafiya lau.
Na kankare tsatsa, na ɗaure noti har sifana ta yi ƙara,
na karɓi kuɗin shayi, na ce ta je.

Laraba sai ga ta,
gumi har gwiwar hannu, kwanduna biyu ba a sayar ba.

Na ce, "Bar gaya mini ya ƙi.
Gaya mini yaushe. Gaya mini a ina."
Ta zaro tsohon tikitin caca,
mako guda tana rubutu a bayansa:
Bakin kasuwa, ya tashi.
Cikin ruwan sama, ya tashi.
Gida, ƙarfe huɗu, shiru, ko fitila babu.
Na turo shi titi, ya tashi.
Gida kuma, shiru.

"Ina yake kwana?"
"Lungu. Sai na karkata kansa hagu yake shiga."

To.

Na murɗa makulli, na sa yatsa a hon,
na juya kan a hankali.
Dama, yana ihu.
Tsakiya, yana ihu.
Hagu, can ƙarshe,
ɗif.
Na dawo da shi, ihu ya dawo.
Karen maƙwabci ya tsani ranar nan.

Na yanke baƙin tef a wuyansa,
na bi wayoyi ɗaya-ɗaya, ina lanƙwasawa.
Ja ɗin ce ta yi laushi a hannuna
kamar taliyar da ta wuce dahuwa.
Robarta sumul, ba tabo ko ɗaya.
Da na fere ta,
sili uku ne suka rage, sun yi kore,
su ke ɗauke da wutar babur duka
da abincin mutum biyar.

Dalma, sabuwar waya, ɗan sarari don ta sake.
Aikin minti goma.
Neman ne ya ci wata guda.
Ta biya rabi da kuɗi, rabi da abarba.

Da dare na ja ƙofar shago,
na zauna ina ferewa, waya a kan cinya.
Ɗana Khiem yana Saigon.
Wata rana ya ɗauka, mu yi dariya,
wata rana ta yi ta ƙara har ta gaji.
Shekara biyu ina cewa ya ƙi, ya ƙi.
Ban taɓa rubuta yaushe ba,
balle in lura ta wane gefe
nake karkata maganar
kafin wutar ta ɗauke.