Tandun Iya Tasalla

Asuba a Gangare. Ladan ya kira, na farka,
idona bai farka ba.
Gashin sama ya riƙe na ƙasa
kamar wasiƙar da aka liƙe da ƙaro.
Da ƙafa na lalubo buta.

Na ce kwantsa ce, wa ba ya yi?
Sai dai tawa ɓarɓashi gare ta,
fari-fari a gindin gashi,
sai ka ce amosanin ka ne ya sauko neman haya.
Bakin fatar ya yi ja, ya yi kauri.
Ƙaiƙayi ya ce sosa,
na sosa, ya bar ni da raɗaɗi.

Acca nake sayarwa a Katako.
Wanda ya san acca ya san halinta:
ita da yashi uwa ɗaya uba ɗaya,
bayan ruwa da ƙwarya sun gama nasu
ido ke yanke hukuncin ƙarshe.
Shekara ashirin da biyu
ba wanda ya tauna tsakuwa a gwate ya ambaci sunana.
Ran Talata Maman Nandi ta dawo da mudu biyu.
Ba ta yi faɗa ba.
Da ma ta yi.

Likitocin layinmu suka taso.
Mai tattasai ta ce apolo ne, ta juya kujerarta.
Mai kabeji ta ce hazbiya ce, bari ta nuna.
Aka ce ruwan sukari, aka ce nonon mai jego,
Delu ta rage murya ta ce baki ne.
Ni kuwa na ƙara kwalli,
don Iya ta ce idon da ba kwalli maraya ne.

A asibitin Lamingo na sami yarinya, sa'ar autata,
Dakta Nanret.
Ta ɗora haɓata kan ƙarfe, ta haska fitila.
Ta ce, Mama, ɗakin lafiya lau,
ƙofar ce ta kumbura.
Akwai 'yan kafofin maiƙo a bakin fatar, su suka toshe.
Ba a ɗaukarsa, ki gaya wa mai tattasai.
Amma ba baƙon kwana uku ba ne,
maƙwabci ne, yakan yi tafiya ya dawo.
Tsumma mai tsabta, ruwan ɗumi, safe da dare,
ki goge gindin gashin a hankali
kamar kina share bakin jariri.
Sai ta yi shiru, ta dubi baƙin layin da ke idona.
Wannan kuma, a ajiye shi tukuna.

Tukuna.

Tandun nan ya girme ta, ya girme ni.
Iya Tasalla ta zo da shi a bakin zane
zamanin da take wankin kuza a rafi,
sanyi na tsaga mata dunduniya.
Tsinke ɗaya ya bi idonta, ya bi na uwata,
ya bi nawa ran suna, ran aure, ran fita takaba.
Ban taɓa ganin an wanke shi ba.
Wa ke wanke gado?

Na naɗe shi a tsohon ɗankwali,
na sa a ƙasan akwati, kusa da katin asibiti.

Jikata Hajjo ta leƙa fuskata ta ce,
Kaka, idonki tsirara.
Na ce je ki ɗora ruwa.

Yanzu kullum ina da duhuna na minti biyar,
tsumma a fuska, ɗumi na ratsawa.
Ina jin keke-napep na hawan tudu,
ina jin yayyafi a kwano,
ina jin Iya na tsaki.

Mako na biyar, fatar ta saɓa.
Jiya a faifai na hango shi,
ƙwayar yashi guda, ya lafe cikin acca yana kwaikwayonta.
Na ɗauke shi da farce.
Na daɗe ina kallonsa kafin na yar.