Wayoyin Baba Lawandi

Shekara talatin Baba na naɗa tagulla
a shagonsa na Fagge, bayan masu katifa.
Fanka ta mutu ya tashe ta,
injin markaɗe ya yi gum ya sa shi magana.
Wata Laraba bayan La'asar
sukudireba ta zame masa,
ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa.

A asibiti likita ta zana kai a bayan kati,
ta ce ɓarnar a hagu take.
Na ce, ai damarsa ce ta shanye.
Ta ce hanyoyin can ƙasan ƙeya suke gittawa,
hagu ke juya dama, dama ke juya hagu.
Ƙwaƙwalwa na sama,
laka ta sauko cikin ƙashin baya
kamar lagwani cikin fitila,
daga nan jijiyoyi suka watsu har farce.
Wasu na haurawa da labari:
zafin butar shayi, cizon cinnaka, tsakuwa a takalmi.
Wasu na saukowa da umarni.

Ta ɗan doki gwiwarsa da gudumar roba,
ƙafar da ta ƙi jin maganar Baba ta harba.
Inna Asabe ta yi kabbara.
Likita ta ce a'a, Inna,
wannan saƙo bai kai sama ba,
a laka ya yi kwana,
kamar ɗan sahu da ya hango cunkoson 'Yankura.

Baba ya tattaro harshe da ƙyar:
"Ina... ta tsinke?"
Ta ce jijiya ba waya ce guda ba.
Ƙwaya ce bayan ƙwaya,
kuma ba sa taɓa juna.
Akwai rata a tsakani, ido ba ya ganinta,
saƙo ya zo gaɓa da wutarsa,
sinadari ya haye da shi, ya kunna ta gaba.
Baba ya yi dariya da rabin fuska.
A shagonsa rata ita ce cutar,
ita yake nema da dalma.

Da dare ina kwance a tabarma gefen gadonsa.
An ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit,
amma ƙirjinsa na hawa da sauka,
cikinsa na sarrafa kunun magariba,
babu wanda ya nemi izininsa.

An ce ƙwaƙwalwa 'yar cikin gari ce,
in ruwa ya cinye titi
takan nemi lungu.
Don haka kullum da hantsi, wata huɗu cur,
ina ɗora guntun tagulla a tafinsa
ina cewa, Baba, kama.

Jiya gumi ya karyo masa.
Babban yatsa ya motsa, kamar ƙwayar gero.
Bai kalle ni ba.
Yatsan yake kallo,
irin kallon da yake wa fanka
in ta fara juyawa.