Talata, Ƙarfe Goma

Likita ya ce in riƙa tafiya.
Yaro ne, gwiwarsa ba ta taɓa yi masa gardama ba.
Ya rubuta a takarda: minti talatin, kullum.
Na ninke ta, na danne da kwalbar barkono,
wata uku tana hutawa a can, ni ma ina hutawa a nan.

A Leicester rana ba ta cika alkawari.
Ƙarfe huɗu duhu ya riga ya zauna,
titin Belgrave ya jiƙe, ya yi santsi.
Bara a nan Hansaben ta zame, ƙugu ya tsage.
Tun daga ranar ɗanta ya ɓoye mata takalmin fita,
saboda ƙauna, in ji shi.

Ijabo ce ta buga min ƙofa,
'yar Somaliya, doguwa, mai dariya da giɓi.
Ba ta jin yarena, ba na jin nata,
Turancinmu kuwa duka biyu ɗingishi yake.
Ta miƙo takarda mai hoton ruwa.
Mata zalla, ta ce. Labule a kowace taga.
Mai tsaron ma mace ce.

Na ce jikana yana tashi makaranta.
Ta ce sai ƙarfe uku.
Na ce maigida da magungunansa bakwai.
Ta ce yana da hannu.
Na ce kuɗin mota.
Ta zaro katin tsofaffi daga jaka ta kaɗa min a fuska:
daga tara da rabi kyauta ne, Nurjahan, sai kuma me?
Na duba, hujja ta ƙare a bakina.
Abin da ya rage kunya ce,
ita kuwa ban san sunanta da Turanci ba.

Mu goma sha ɗaya muka tarar da juna.
Bozhena ta Poland, wadda gidanta ya yi shiru tun rasuwar mijinta,
ta ce ba don zuciya take zuwa ba,
don ta ji an kira sunanta ne sau ɗaya a mako.
Verlyn ta Jamaika, shekara talatin tana ɗaga marasa lafiya a asibiti,
yau bayanta ke biyan bashin,
amma ita ke ƙirga mana da ƙarfi, tana satar biyu a kowane goma.
Can a lungu, da doguwar riga har idon sawu,
wa zan gani? Hansaben!
Surukarta ce ta kawo ta a ɓoye.
Ɗan yana zaton tana wurin ibada.

Na sa ƙafa ɗaya.
Shekara hamsin da ɗaya ke nan
rabona da kududdufin bayan gidanmu a Sylhet,
inda nake tsere da yayyena maza, ina cin su,
kafin a ce na girma, in fito.
Ruwan nan warin magani yake, ba warin laka ba,
amma ya ɗauke min nauyina bai tambaye ni shekaru ba.
Hannuna ya tuna kafin ni in tuna.
Gwiwar da ke zagina a kan matakala
ta yi tsit, kamar baƙuwa.

Yanzu an manna sanarwa a bango:
wai kuɗi sun yi kaɗan, za a mai da mu daren Alhamis.
Dare! Wa zai fita?
Verlyn ta rubuta ƙorafi, duk muka sa hannu,
Ijabo da haruffanta, ni da nawa masu rataye a igiya.
Ba a ba mu amsa ba tukuna.

Zumunta a ƙafa take, haka ake cewa,
to mu ƙafafun ne suka gaji, shi ya sa muka kai su ruwa.
Gobe Talata.
Na soya samosa ashirin da biyu,
na jera wa maigida ƙwayoyinsa a faranti,
tawul yana bakin ƙofa.
Takardar likita tana nan ƙarƙashin barkono,
mai ya ɓata ta, ba ta karantuwa.