Shafi na Sittin da Ɗaya

Ni ce Perlita Abarquez, mai riƙon makullin sito
a wani garin masunta, gabas da tsibirin Samar.
Aikina ƙirga.
Shinkafa buhu ɗari huɗu da sha biyu,
uku ɓera ya riga mu buɗewa.
Kwale-kwale biyu, ɗaya na yoyo.
Dizal na kwana uku, in janareta bai yi haɗama ba.

Ƙarfe tara na dare rediyo ya ce guguwa ta juyo.
Na kira lardi.
Lardi ya ce: mun ji, muna jiran sa hannun shiyya.
Na kira shiyya.
Shiyya ta ce: Manila ta sani,
jirgi na tasha maƙare da kaya,
zai taso da zarar teku ta kwanta.
Na leƙa ta taga.
Teku ba ta da niyyar kwanciya.

A watan Mayu mun yi atisaye a filin makaranta.
Yara suka miƙe a tabarma, suna wasan gawa suna dariya,
manyan baƙi suka tafa, aka sha ruwan kwakwa.
Suka bar mana kundi, shafi sittin, bango mai sheƙi,
kowane ofis da akwatinsa, kowane akwati da kibiya,
kibiyar ta gangaro tun daga fadar ƙasa har teburina.
Shafi na sha tara ya ce: agaji zai shigo ta gada.
Biyu saura kwata, gadar ta bi ruwa.

Dionisio, mai unguwar bakin gaɓa, bai taɓa buɗe kundin ba.
Nasa shirin a bayan tsohuwar kalanda yake:
wane kurma ne, ba zai ji ƙararrawa ba,
wance wata takwas gare ta,
tsohuwa Eufemia ba ta fita sai da akuyarta.
Gida gida ya bi, fitila a haƙori,
ya kai su cocin kan tudu kafin kwano ya fara tashi.
Ɗari bakwai da tara, ya ce mini,
ban da akuyar.

Gari ya waye babu rufi.
Bishiyoyin kwakwa duk sun yi aski.
Sai oba-oba ta yi tari,
muryar Crisanto, mai siton garin ƙetare:
ina da ƙwayar tace ruwa, ba ni da ko ƙwayar shinkafa.
Na ce, ni ga shinkafa, rijiyoyinmu sun sha gishiri.
Babu kibiyar da ta bi ta gefe tsakaninmu,
duk daga sama suke saukowa.
Na loda buhu arba'in a kwale-kwalen da ba ya yoyo,
na rubuta da fensir: rance.
Hannuna na rawa, don na san masu binciken kuɗi.

Rana ta huɗu jirgi mai saukar ungulu ya dira.
Na tanadi baƙar magana kwando guda,
sai ga yaro cikin kaki, idanu jajur,
garuruwa sha tara a takardarsa, jirgi ɗaya.
Na haɗiye.
Tamfol ya kawo. Mu allurar ciwon suga muke nema.
Ya rubuta a bayan hannunsa, washegari ya dawo da ita.
Ta ishi mutum biyar.
Teodoro mai gyaran koma bai jira ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Mun fafe tamu tun Mayu,
ba mu dai zuba ruwa mun ga inda take zuba ba.

Yanzu dare ne, kyandir ya kai rabi.
Na liƙa farar takarda a ƙarshen kundin.
Layin farko: in babu gada fa?
Na biyu: lambar Crisanto.
Na uku: a ajiye allura a kan tudu, ba a lardi ba.
Gobe zan karɓo kalandar Dionisio in kwafe,
in aika lardi, lardi ya aika gaba,
ko kibiya ɗaya ta koyi hawa.

Saura buhu casa'in da ɗaya.
Kwale-kwalen har yanzu yana yoyo.