Allura Ta Tono Garma

Ranar Talata ce, ruwan Agusta na dukan kwano.
Kasuwar Barci ba ta yi barci ba, ta dai jiƙe.
Ina jera barima a kan faranti
sai ga ta da lema, da littafi mai baƙin bango:
"Rifkatu Bature, daga ofishin duba-gari."

Na ce ta zauna. Ba ta zauna ba.

Ta ɗaga bindigar huji da yatsa biyu
kamar mai fitar da mataccen ɓera.
"Da me kike goge ta?"
Na ce, da sifirit da auduga.
"Tsakanin kunne da kunne?"
Na ce, in an sami sarari.
Ta rubuta.
"Ina safar hannu? Ina kwalin tsohuwar allura?
Ina ruwa, ina sabulu?
Yarinyar da ta zo ba uwa, wa ke sa mata hannu?"
Biro na ta ci kamar gara cikin azara.

Raina ya ɓaci.
Na ce, 'yar nan, shekarata sha tara a kan wannan benci.
Kafin ni Inna Tabawa ta yi a Tudun Nufawa
da allurar ɗinki, da baƙin zare, da man shanu,
in rami ya kama a zura tsinken tsintsiya.
Rabin kunnuwan Tudun Wada ta hannunmu suka bi,
amaren Rigasa, 'yan makarantar Kakuri.
Wa ya taɓa mutuwa?

Ta ajiye biro.
Ta kwance ɗankwali.

Bayan kunnen hagu akwai tsiro
kamar ɗan goro, baƙi, yana sheƙi.

"Jajiberin Kirsimeti, ina aji huɗu.
Mu tara muka cika bas daga Sabon Tasha.
Ni ce ta bakwai a layi.
Allurar da ta huda ta farko ita ta huda ni.
Wata biyu ina kwana a gefe guda,
mugunya na manne ni da matashi.
Ta takwas, Kezia, har gobe tana karɓar maganin hanta.
Ban ce ke ce ba, likita ma bai rantse ba.
Amma wa zai rantse cewa ba ke ba ce?"

Na nemi fuskarta a cikin dubban fuskoki, ban samu ba.
Kunne nake kallo, ban taɓa kallon fuska ba.
Abin da na tuna gwangwanin madara ne
da nake tsoma allura a ciki,
da yadda ruwansa ke yin ja-ja kafin la'asar,
ni kuwa in ce ai sifirit ne, ba ya ɓaci.

Ba ta garƙame shagon ba.
Ta ɗaura ɗankwali, ta yago takarda:
"Mako biyu. Zan dawo."

Na sayar da awarwarona guda biyu.
Sabitu mai walda ya kafa mini wurin wanke hannu.
Na sayo tukunyar turara ƙarfe,
tana huci kamar mai jin haushina,
da kwali rawaya mai ƙaramin baki
wanda abin da ya shiga ba ya fita.
Bindigar na naɗe ta a leda, na sa ƙarƙashin gado,
na kasa yarwa, na kasa taɓawa.
Maƙwabciyata Kuluwa ta ce gwamnati ta ci ni.
Na ce mata, a'a, bashi ne.

Jiya wata ta kawo jaririya 'yar kwana arba'in.
Na wanke hannu har gwiwa, na sa safa,
na yage ledar allura a gaban idonta.
Ta ce, "Me ya sa kuɗin ya ƙaru?"
Na ce, ruwa da sabulu ne suka yi tsada.

Na kama ɗan kunnen nan mai laushin ganyen zogale.
Hannun da bai taɓa rawa ba shekara sha tara
ya ɗan yi rawa.
Na dakata.
Na dubi fuskar yarinyar sosai,
na tambayi sunanta,
sannan na huda.